Ranar da Mai-gashi Ya Kira Sunan Inna

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da muka ci karangiya ba, kuma ko na so in manta, mutanen Dakoro ba za su bari ba. Har yau akwai tsofaffin da in sun hango ni a kasuwar dabbobi sai su taɓa juna su ce ga ƙanen Mai-gashi nan tafe. Jikokina sun ɗauka saboda gemuna ne. Na daɗe ina barin su a haka, amma yau dai bari in faɗi yadda aka yi.

Zamanin Nasara ne, ba a daɗe da kafa bariki a Dakoro ba. Na dawo daga lakwal, makarantar Nasara, a Maraɗi, aka ɗauke ni aikin allurar shanu, ina bin likitan dabbobi da akwatin magani. Aikina bai wuce in riƙe kan saniya ko in wanke miki ba, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni ne kumandan, babban Baturen bariki. Ina da takalmi sau-ciki, ina da Faransanci (rabinsa ni kaɗai nake gane shi), kuma ba a isa a faɗi magana a gabana ban ce ba haka take a littafi ba.

Wanda ya fi shan wahalar littafin nan nawa shi ne Baba Agali. Tsoho ne a unguwarmu, kakanninsa daga arewa suka gangaro da raƙuma, shi kuwa ya ƙare da 'yar gona da awaki kaɗan. Tun yana saurayi yake cewa ya ga Mai-gashi a Kwarin Aduwa, can arewa da gari. Mai-gashi kuwa, ga wanda bai sani ba, wani abu ne mai kama da ƙaton biri, yana tafiya da ƙafa biyu a sunkuye, hannuwa sun sauka har gwiwa, gashi ya rufe shi ruf, ga wari. An ce yana da suna na ainihi, amma ba a faɗa. Abin dariyar shi ne, kowa a garin ya yarda akwai Mai-gashi, uwaye da shi suke hana yara nisa, makiyaya ba sa barci a kwarin, amma ba wanda ya yarda Agali ya gan shi. Wai don me zai bar manyan mafarauta ya nuna kansa ga mai awaki?

Ni na haɗa biyun duka na ƙaryata. Wata ranar kasuwa na tarar da shi yana ba wasu baƙi labarin, sai na tsaya a kansa na yi masa karatu. Na ce birai manya a kurmin kudu suke, inda ake da ruwa da 'ya'yan itace, to a nan me zai ci, ƙayar aduwa? Na tambaye shi ko a ranar da ya gan shi ya yini bai sha ruwa ba. Jama'a suka yi ta dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Tsohon ya ja akuyarsa ya wuce. A lokacin na ɗauka na ci nasara ne.

Shekarar nan damina ta ɗauke da wuri. Hatsi ya tsaya bai cika ido ba, kafin sanyi ya shigo rumbuna sun fara amsa kuwwa. A gidanmu Inna Hajo ce, ƙanwar mahaifiyata da ta rene ni, da marayun mijinta cike da tsakar gida, kuma hatsin ko a kasuwa sai an yi da gaske ake ganinsa. Sai mata suka koma ga abin da kakanninsu suka sani, wato karangiya. Ƙayar nan da ke maƙale wa mutum a wando tana da ɗan ƙwaya a ciki, ƙanƙane ƙwarai. A sharo ta, a daka a turmi, a sheƙe, a sake dakawa, in Allah ya taimaka a sami abin dama kunu. Aiki ne na cin hannu, yatsun Inna duk sun farfashe. Inda ta fi yawa kuwa Kwarin Aduwa ne. Yunwa ta fi Mai-gashi kusa, don haka kullum da sassafe mata ke ɗunguma can da ƙorai da tsintsiya, da abin da suka sharo unguwarmu take kwana.

To, ina da wata riga. Kawuna ya je yaƙin Nasara ya dawo da ita, da ya rasu ta zama tawa. Rigar sanyi ce ta soja, ta ulu mai kauri, ta sauka har ƙwauri, da manyan maɓallai. Ina ji da ita fiye da yadda ya kamata mutum ya ji da tufa. Wata safiya mai sanyi likita ya aike ni ni kaɗai wata ruga in wanke wa shanu miki. Na zura rigar, na cusa kwalbar baƙin maganin nan mai wari a aljihun ƙirji, na hau dokin bariki. Mai kula da dokin ya ce in bi hanyar shanu, kada in yanke ta kan tudu. Na ce masa na san ƙasa a taswira.

Na yanke ta kan tudu. Ina kaiwa ƙoli sai wani ƙaton tsuntsu, tuje, ya tashi fir a ƙarƙashin hancin dokin. Doki ya yi gabas, ni na yi yamma. Na faɗi ta gefen da ya gangara Kwarin Aduwa, na dinga mirginawa cikin busasshiyar karangiya, tun ina salati har na koma kiran sunan Inna a zuci.

Duk wanda ya san karangiya ya san abin da take yi wa wandon auduga. To ka kwatanta ulu. Da na tsaya a ƙasan kwarin babu inda ake ganin rigar, ƙaya ta hau kan ƙaya, ta kwaso ciyawa da kaba da gashin awakin mutane, na yi kauri ninki biyu. Tun ina mirginawa na ja wuyan rigar na rufe kaina don in tsirar da ido, sai ta manne da sumata ta ƙi sauka. Kwalbar ta fashe, maganin ya wanke mini fuska da hannuwa baƙi ƙirin. Takalmi ɗaya ya tafi abinsa. Ba na iya miƙewa sosai don ƙaya ta shiga ta baya, ba na iya haɗa hannu da jiki don ta cika hamata, ba na iya haɗa ƙafafu saboda inda ba zan faɗa ba. Haka na taso a sunkuye, hannuwa na reto, ina ɗingishi ina nishi.

Ina zagayo wata aduwa sai ga matan unguwarmu, sun duƙufa suna shara. Wallahi daɗi na ji. Na hango Inna a tsakiyarsu, na ɗaga hannuwa biyu na nufe ta, na buɗe baki cike da ulu da ƙasa na kwarara kira, "Inna! Inna Hajo!"

Ban taɓa sanin Inna tana iya gudu ba. Ƙorai suka tashi sama, tsintsiya ta watse, wata mai goyo ta wuce 'yan mata. Ni kuwa don wauta sai na bi su ina cewa su tsaya ni ne, abin da ya ƙara musu mai ke nan. Kafin in yi taku kaɗan kwarin ya zama ba kowa sai ni da karangiyar da suka tara tun sassafe, a zube.

A nan ya kamata in bi su gida a yadda nake, a yi dariya a gama. Amma na tuna ranar kasuwa, na tuna takalmi sau-ciki da Faransanci. Sai na laɓe a wani rami na yi ta fama har na fita daga rigar (da rabin sumata), na dirje fuska da rairayi, na naɗe rigar, na zagaya ta bayan gari lokacin da kowa ya taru a ƙofar mai unguwa. Na jefa ta cikin rumbunmu, tunda na san ba mai abin nema a ciki. Doki ya riga ni komawa bariki. Na ce wa mutanen bariki faɗuwa na yi a hanyar shanu, maganin ya zube mini, aka yi mini sannu.

Kafin la'asar labari ya gama gari, an ga Mai-gashi. Tsawonsa ya kai raƙumi. Idanunsa ja. Wata ta ga haƙora, wata ta ga wutsiya (ina neman tsari). Warinsa kuwa duk sun yi ittifaƙi a kai. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ya san sunan mutane, ya kira Hajo har sau biyu. Aka kawo wa Inna rubutu ta sha, aka turara ta, mata suna ta shigowa jaje. Ina zaune a gefe da warin magani a jikina, ba wadda ta ko kalle ni.

Baba Agali kuwa ya wayi gari mutum. Waɗanda suka yi shekaru suna yi masa dariya su ne ke shimfiɗa masa buzu. Mafarauta suka zo tambayarsa halin Mai-gashi. Na gan shi a ƙofar masallaci ana ba shi hanya, ya ɗan miƙe, har rawaninsa ya gyara naɗi. Wani ya ce mini, to malam mai littafi, yanzu fa? Na ce Allah ne masani.

Da abin ya tsaya nan da na mutu da sirrina. Amma mata suka daina zuwa kwarin. Maza suka hana, su ma ba sa so. Suka koma sharar gefen gari inda awaki suka riga suka tattake, a yini a dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Kunun gidanmu ya tsinke har kana ganin ƙasan ludayi. Wata safiya na ga Inna ta juye nata a ƙoƙon ƙaramin cikin marayun, ta ce ita ba ta jin yunwa, ta kama haƙar ƙaya a yatsanta don kada mu haɗa ido. Kunya iri biyu ce ashe, kuma ta ranar nan ta fi wadda nake gudu ciwo. Na tashi na shiga rumbu.

Bayan azahar na isa ƙofar mai unguwa da rigar a naɗe. Maza na zaune, Baba Agali a kan buzu kusa da mai unguwa. Na roƙa a kira matan da suka je kwarin, suka zo suka tsaya daga gefe. Na share murya na faɗi komai, tuje da tudu da kwalba, ban rage ba. Na shirya wa dariya, na shirya wa zagi. Na gama, ba a yi ko ɗaya ba.

Mai unguwa ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗana, mun san kana son mata su koma kwari, Allah shi yi maka albarka. Amma ba a yi wa jama'a ƙarya ko don alheri."

Na rantse. Na warware rigar na shimfiɗa a gabansu. Aka ce ai kowa ya faɗa karangiya haka rigarsa za ta yi. Na ce su shinshina. Wata ta matso ta shinshina ta ce wannan warin magani ne, na wancan kuwa warin daji ne, ita da hancinta ta ji. Raina ya ɓaci, kuma ɓacin rai bai taɓa ba ni shawarar kirki ba. Na ce to bari su gani da idonsu.

Jama'a, na sa rigar. Da rana tsaka, a gaban dattawan unguwa da matan aure da duk yaran da suka ji labari suka sheƙo. Na ja wuyanta na rufe kai, na cire ɗaya daga takalman aro da ke ƙafata, na sunkuya, na ware ƙafafu, na saki hannuwa. Na yi ɗingishi daga bakin zaure zuwa gindin gawo na dawo, ƙaya tana cina, gumi yana bin bayana. Da na ga ba wanda ya motsa sai na ƙara da nishi. Daga ƙarshe na ɗaga hannuwa na yi kiran, "Inna Hajo!" Ma'aikacin bariki guda, mai Faransanci.

Matan suka dube ni kamar masu tayin akuya. Suka yi shawara ƙasa-ƙasa. Sannan Inna da kanta, wadda ta yi mini wanka ina jariri, ta ce, "A'a. Wancan ya hi shi tsawo nesa. Kuma wancan shina da kwarjini."

Nan ne dariyar ta fashe, har mai unguwa sai da ya kama ciki. Yara suka bi bayana suna ɗingishi suna kiran Inna Hajo. Na koma gida a cikin rigar, don ba na iya fita daga cikinta da sauri sai da taimako, kuma ban ga fuskar da zan roƙa ba. Ga shi na zubar da mutuncina kaf, kwarin kuma yana nan a rufe.

Da yamma ina zaune bayan gida ina cire ƙaya sai ga Baba Agali. Ya zauna, ya jawo hannun rigar ya kama taya ni, ba sallamar kirki ba komai. Can ya ce tun ranar farko ya san ni ne. Ya je kwarin shi kaɗai don ya ga sawun tsohon abokinsa, sai ya tsinci takalmi. Ya zaro shi daga cikin riga ya ajiye a gabana. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya murza ƙaya a yatsa ya amsa.

"Kai kunya ta hana ka, ni daɗi ya hana ni. Tun ina da baƙin gemu ba a taɓa shimhiɗa mini buzu ba. Na ce bari in ɗan zauna kansa. Amma ɗiyan mutane na kwana da yunwa, zaman ya isa haka."

Na ce to gobe ya fito da takalmin a gaban kowa. Ya girgiza kai, ya ce ko takalma goma ya kai ba za su yarda ba, sun gani da idonsu, kuma ido ba ya son a ce masa ya yi ƙarya. Ya ce in bar masa, ni dai kada in jefar da rigar. Har ya miƙe na kasa haƙuri, na tambaye shi tsakaninsa da Allah, wancan na farko, ya gan shi? Ya ce, "Na gan shi. Kuma ba shi da takalmi."

Washegari ya sanar a ƙofar mai unguwa, a matsayinsa na wanda ya fi kowa sanin halin Mai-gashi, cewa abin nan ba ya shiga inda ya ga ɗan'uwansa ya riga shi. In aka sami mai kama da shi ya wuce gaba, mata za su yi shararsu lafiya. Ba sai an tambayi wa ke da kayan aikin ba, duk aka juyo aka dube ni. Mutanen da suka ƙi yarda ni ne Mai-gashi, nan take suka yarda na isa in yi ƙanensa.

Haka na ƙare sanyin shekarar nan. Kullum da sassafe kafin in tafi bariki, ni ne a gaba cikin rigar kawu, a sunkuye, Baba Agali na bina da sanda, mata na biye da ƙorai. In na ɗan miƙe don bayana ya huta sai a yi mini tsawa daga baya a ce in sunkuya kada ya gane. Kuma sai ga wani abin da ba wanda ya shirya: rigar ta fi kowace tsintsiya kwasar karangiya. In mun dawo Inna ta shimfiɗa ta a tabarma ta kankare da ɓawon ƙwarya, abin da ke fita ya kai sharar mace guda. Daga baya har cewa take in ɗan yi birgima inda ta fi yawa. Na yi. Kunu ya yi kauri, ba wanda muka rasa a gidanmu shekarar nan, ƙaramin marayan nan ma yanzu shi ke kai ni asibiti a babur.

Inna ta rayu har bayan Nasara sun tafi, kuma ba ta taɓa canja magana ba. Cikin ciwonta na ƙarshe ina zaune kusa da ita sai ta tayar da zancen da kanta. Ta ce abu guda ke damunta game da ranar nan. Wai da ta yi ta tunani, kiran da ya yi mata ba na mugunta ba ne, murya ce ta wanda ya shiga wahala yana neman nasa, ita kuwa ta zubar da ƙwarya ta gudu. Ta ce ko dabba ce ta kira sunanka ai ka waiwaya.

Na riƙe hannunta, yatsun nan da karangiya ta farfasa, na ce, "Inna, ni ne fa. Kuma na yafe."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Kai dai tun kana yaro ka cika son a ce kai ne."

Tun daga nan na daina gardama da kowa a kan abin da ya ce ya gani a daji. In mutum ya ce mini ya ga Mai-gashi, sai in gyara masa buzu in tambaye shi tsawonsa. Ni dai abin da na tabbatar biyu ne: ba a shiga karangiya da ulu, kuma in mai kula da doki ya ce ka bi hanyar shanu, ka bi hanyar shanu.